Layi na Arba'in da Ɗaya

Litinin, 2 ga wata

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da ƙurar littattafanka. Mu nan lafiya lau. Da kunnenka yana ɗaukar waya da na huta da rubutu, amma tunda sai takarda, to ga takarda.

Maganar Baba ce. Tun da ya ajiye aikin hedimasta nake fama da shi, amma bana abin ya ƙaru. Ƙafar ba ta kai shi ko'ina, sai ya zauna a falo yana yi wa mai karanta labarai gyara. To yanzu wani sabon abu ya shige masa rai. Ya ga guntun shiri a talabijin kan yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na sha tara, zamanin igwa da bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, shi ke nan ya hana ni sakat. Na bar ɗinkin mutane a kan keke na je na sayo masa littafi biyu a bakin titi. Ya juya shafi uku ya miƙo mini, wai na yara ne masu son hoton doki. Ya ce shi tambayarsa ɗaya ce: mutum nawa suka fita, mutum nawa suka dawo? Wai duk littafin da bai amsa wannan ba a naɗe gyaɗa da shi.

Kai ne shekara goma sha biyar kana ɗinke littattafai a babban ɗakin karatu. Don Allah ka nemo masa na kirki, da finafinan tarihi waɗanda ba kiɗa da hayaƙi kawai ba. Na san kai da shi ba ku cika shan inuwa ɗaya ba, shekara uku rabonka da gidan nan. Ban ce ka zo ba. Littafi na ce.

Ka ci abinci, na san halinka.

Yayarka

Asabar, 7 ga wata

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da Baba, takardarki ta same ni ranar Alhamis.

Don gaba, ga yadda ake gane littafin yaƙi na kirki. Idan kin ga janar a kan farin doki a bango, ki ajiye. Ki fara buɗewa ta baya. In akwai jerin takardun da marubucin ya dogara da su, da taswira mai ma'auni, to ya zauna ya yi aiki. Sannan ki duba ko ya faɗi abin da sojojin suka ci da abin da suka sa a ƙafa. Yawancin marubutan ba su damu da wannan ba, alhali yunwa da ciwon ƙafa sun fi igwa kashe mutane.

Na aiko da uku. Na farko bayani ne na gaba ɗaya, taswirorinsa masu kyau. Na biyu wasiƙun wani likitan soja ne zuwa ga matarsa, kada Baba ya karanta shi yana cin abinci. Na uku tsoho ne, an cire shi daga kantar littattafai saboda ruwa ya taɓa shi, an ce a zubar, na roƙa aka bar mini. Labarin wata runduna ce da ta ja da baya cikin damina. An bar mutum arba'in a mashigar wani kogi su tsare hanya har sauran su haye, aka ce za a aiko musu da umarnin tashi, ba a aiko ba. A ƙarshen littafin akwai hoton takardar sunayensu. Ni na ɗinke littafin da hannuna, ya ci mini mako biyu. Ina jin shi ne zai amsa tambayar Baba, ko ya kasa amsawa da gaskiya.

A filashin da na haɗo da littattafan akwai shiri uku. Na kalle su duka don suna da rubutu a ƙasan allo. Akwai na huɗu a kan waɗannan mutum arba'in ɗin, wata dattijuwa masaniyar tarihi ce zaune tana magana, amma babu rubutu, kuma tana yawan sunkuyar da kai, ban iya karanta bakinta ba. Na riƙe shi tukuna. Ba na aika abin da ban tabbatar ba. Mai kula da sashen finafinai ta ce za ta rubuta mini abin da ake cewa idan ta samu sarari.

Ki gaishe shi. Ba sai kin ce ni na zaɓa ba.

Naki,
Auta

Lahadi, 15 ga wata

Auta,

Sallama da gaisuwa. Saƙo ya iso, kuma na ce kai ka zaɓa, sai ka zo ka hukunta ni.

Finafinan sun sha suka. Ya ce rigunan sojojin sun yi tsabta, wai mutumin da ya yi tafiyar wata guda a laka ba ya fitowa kamar daga wajen mai guga. Amma ya kalli na biyu sau uku. Littafin likitan kuma ya sa ya bar nama kwana biyu.

Tsohon littafin ne ya tafi da shi. Da ya kai shafin sunayen nan, sai na ji ya kwaɗa mini kira kamar gobara. Na zo, ya ɗora yatsa a gefen shafin ya ce, "Dubi aikin banza. An rubuta suna, an ja gidan maki, an bar shi wayam. Ba a ce sun zo ba, ba a ce ba su zo ba. Wa ya koya wa mutanen nan riƙe rajista?" Na ce, "Baba, ai shekara ɗari biyu ke nan." Ya ce, "Shi ya sa abin ya fi muni."

Washegari, Talata, ƙarfe takwas daidai, ya sa tabarau, ya fere fensir, ya gyara zama a teburin falo, ya fara kiran sunayen nan ɗaya bayan ɗaya da muryar da ka sani. Sunaye masu karya harshe, amma ko tuntuɓe bai yi ba. Ina ɗakin ɗinki ina dariya har na soke yatsa.

To ga abin da ya sa na zauna rubutu. Da ya kira suna na farko, na ji an buga dunduniya a ƙasa sau ɗaya, ƙwas, irin ta takalmi mai nauyi. Na ce maƙwabcin sama ne. Sauran sunayen shiru. Ranar Laraba aka buga wa na farko, aka buga wa na biyu. Yau shida. Na leƙa littafin, maki shida ne da fensir. Na ce, "Baba, me ya sa shida kawai?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wanda ya amsa nake yi wa maki."

Falon kuma yana warin laka da jiƙaƙƙen bargo, na wanke labule bai tafi ba. Kada ka ce na fara taɓuwa. Ka dai gaya mini abin da ka sa a littafin nan.

Ka huta lafiya.

Yayarka

Juma'a, 20 ga wata

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan hankalinki ya kwanta kafin wannan ta iso.

Ban sa komai a littafin ba sai zare da sitaci da takarda. Warin nasa ne, littafin da ya sha ruwa yakan shekara yana fitar da shi. Ƙarar kuma ki duba bututun ruwan gidan, ƙarfe takwas ne lokacin da kowa ke buɗe famfo. Shafin sunayen shi ya fi ba ni wahala, don gindinsa ya ruɓe ya zube daga ƙasan suna na arba'in. Na manna siririyar sabuwar takarda a wurin. Layukan tsaye sun zarce ƙasa, na ga bai yi kyau a bar su a buɗe ba, sai na ɗauki rula na ƙarasa su na rufe da layi ɗaya. Aikinmu ke nan, ba ma barin shafi da rauni.

Kiran sunan bai ba ni dariya ba, ki yi haƙuri. Kin tuna ina aji uku, bayan zazzaɓin da ya tafi da kunnena, kafin kowa ya gane? Baba ne ke riƙe da ajinmu a zangon nan. Kwana goma sha tara yana kiran sunana, ina zaune a benci na biyu ina kallon tsakiyar kansa, yana rubuta cewa ban zo ba. Bai ɗaga kai ko sau ɗaya ba. Da Mama ta yi masa magana ya ce wanda bai amsa ba bai zo ba, doka ba ta san ɗan hedimasta ba. Daga baya ya saya mini na'urar ji, ya kai ni asibiti uku, ban manta ba. Amma makin nan bai goge ba, kuma bai taɓa tayar da maganar ba.

Saboda haka in ya samu waɗanda ke amsa masa, ki bar shi da su. Zai gaji.

Naki,
Auta

Alhamis, 9 ga sabon wata

Auta,

Sallama. Ban amsa da wuri ba don na ji haushinka, kuma na so in ga ko kai ne da gaskiya. Ba kai ne da gaskiya ba.

Maƙwabcin sama ya yi tafiya da iyalinsa tun mako biyu, gidansu a kulle. Na kira mai gyaran famfo ya duba, ya ce bututu lafiya. Yau talatin da ɗaya suka amsa. Ba na iya taka keke ƙarfe takwas, sai in zauna da hannu a cinya ina ƙirgawa, rana tana shigowa ta taga, mai shara yana wucewa a titi, ni kuma ina jin ƙwas, ƙwas, ƙwas a falonmu. In an gama na shiga, tayil ɗin gaban teburin a jiƙe yake, sahu-sahu, an bar hanya a tsakiya kamar yadda ake jera benci.

Na ɓoye littafin ranar Asabar. Na sa shi a ƙasan akwatin yadi na kulle, makulli a wuyana. Ko tambaya bai yi ba. Takwas na yi ya kira su da ka, mutumin da ya shekara talatin da biyar yana haddace rajista. Da rana na buɗe akwatin. An ƙara maki ɗaya, da fensirinsa, da irin lanƙwasar hannunsa. Na mayar masa da abinsa kan tebur.

Auta, Baba yana ƙarewa. Ba ya cin rabin abin da yake ci. Ƙafafunsa sanyi ƙalau, fatar ta yi fari ta tattare kamar ta wanda ya wuni tsaye a ruwa, alhali safa biyu nake sa masa. Likita ya zo ya auna komai ya ce bai ga ciwo ba. Jiya ya ce in fito masa da baƙin takalminsa na zuwa aiki in goge. Na ce ina za ka? Ya ce, "Saura goma a cika. Ba a tashin aji sai an cika." Can kuma, ba tare da na tambaya ba, ya ce, "Akwai yaron da na taɓa yi wa kuskure a rajista. Yana nan zaune, ban duba ba."

Tsoro nake ji, na faɗa maka a fili. Ban san abin da zai faru ba in na arba'in ya amsa. Kai ka aiko da littafin nan, ka nemo mini yadda zan yi.

Yayarka

Alhamis, 16 ga wata

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice. Na ba direba wannan hannu da hannu don ta riga gidan waya. Ki karanta a tsaye.

Da takardarki ta zo na je na tsaya a kan mai kula da finafinai har ta rubuta mini shirin nan na huɗu. Dattijuwar tana riƙe da ainihin takardar sunayen. Ta ce layukanta arba'in da ɗaya ne. A waccan runduna, sajan da ke kiran suna shi ke rubuta nasa a layin ƙarshe, da hannunsa. In kowa ya amsa, sai hafsa ya karɓi takardar ya kira shi shi ma, ya amsa, sannan a ba da umarnin tafiya. Ta ce sajan mutanen nan an tura shi da saƙo kafin ya rubuta sunansa, bai dawo ba. Layin ya zauna wayam, ba a rufe kiran ba, ba a sallame su ba.

Yaya, layin nan ruwa ya riga ya cinye shi a littafinmu. Ni na mayar da shi da rulata, don kawai shafi ya yi kyau. Kuma kin san Baba. Bai taɓa buɗe rajista ba tare da ya sa hannu a gindin shafi tun ranar farko ba.

Ki duba ƙasan suna na arba'in. In sunansa na wurin, ga abin da za ki yi. Ki jiƙa auduga da ruwa mai ɗumi, ki matse, ki ɗora a bayan siririyar takardar da na manna. Ki ƙirga ɗari. Sitaci ne, zai saki. Ki ɗaga ta da bayan wuƙa a hankali. Kada ki yaga, kada ki ƙona, ban san abin da hakan zai yi masa ba. Da lissafina na arba'in zai amsa ranar Asabar. Ki gama kafin takwas na safiyar Lahadi.

Na ce ki bar shi da su. Ki yafe mini wannan maganar.

Auta

Laraba, 22 ga wata

Auta,

Sallama. Baba yana raye, bari in fara da wannan.

Motar direban ta lalace a hanya, takardarka ba ta zo ba sai Asabar da la'asar, bayan na arba'in ya amsa. Na jira Baba ya shiga wanka na buɗe shafin. Sunansa na nan cikakke a cikin gidan da ka ja, da kwanan watan ranar farko. Na yi yadda ka ce. Takardar ta saki ba gardama, na sa ta a aljihu na rufe littafin.

Lahadi ya tashi da wuri. Ya sa farar rigarsa, ya sa baƙin takalmin da kansa, shi da sai na durƙusa na sa masa silifa. Ya zauna a tebur, bai ɗauki fensir ba, bai buɗe littafin ba. Na tsaya a bakin ƙofa. Takwas ta buga, bakinsa a rufe, ina kallonsa. Sai wata murya ta fara kira daga wajen taga, ta cikin falon, inda babu kowa sai labule. Murya ce ta wanda mura ta kama, ba ta da ƙarfi, ba ta sauri. Suna arba'in, dunduniya arba'in. Baba ya dafa tebur ya miƙe tsaye, ya haɗa ƙafa, ya buɗe baki yana jira.

Aka yi shiru. Ban san tsawonsa ba, na dai ji agogon bango, na ji an juya takarda gaba da baya kamar ana neman wani abu. Daga nan sai sawu, da yawa, suka bi ta hanyar nan ta tsakiya suka wuce ni ta ƙofa. Sanyi ya taɓa mini hannu. Tayil ya bushe kafin azahar, warin ma ya tafi.

Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Ba a kira ni ba." Ya zauna ya yi kuka irin wanda ko ranar rasuwar Mama bai yi ba.

Ƙafafunsa sun yi ɗumi, yana cin abinci in na sa a gabansa. Amma tun daga ranar, in na kira shi ba ya amsawa. Na ce Baba, na ce Hedimasta, har sunansa na yanka na kira, Allah ya yafe mini. Ko waiwaye. Likita ya ce kunnensa garau, in cokali ya faɗi yana juyawa. Kullum takwas yana sa takalmi ya zauna ya zuba wa taga ido.

Na tsare shi, amma ban san me na tsare ba. Ga siririyar takardar a cikin ambulan, ba na son ta kwana a gidan nan. Wani lokaci in na ga yadda yake kallon tagar sai in ce ko zalunci na yi masa. Kai ka san manna takarda. Ka gaya mini, a mayar ko kada a mayar?

Yayarka

Litinin, 27 ga wata

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ba za a mayar ba.

Takardar ta kwana a kan teburina. Yau da safe, takwas daidai, na'urar jina tana cikin aljihun tebur, na ji an kira sunan Baba a bayana. Rabona da jin murya tas haka shekara talatin. Rabin sunan nawa ne, tunda nasa ke biye da nawa, har bakina ya buɗe. Ban amsa ba. Na sa ta tsakanin katako biyu a cikin matsin littattafai na murɗa har ƙarshe, can za ta zauna.

Ina tafe ranar Asabar. Na ɗinka sabuwar rajista, layi uku kawai na ja: ke, da ni, da shi. Zan zauna a gabansa inda zan ga bakinsa. Ki ce masa ya fere fensir, akwai yaron da ya zo. Wannan karon zan amsa.

Sai na iso.

Ƙaninki,
Auta